Ranar da Mutaru Ya Sauke

Mutanen Zango sun yaba haƙurin Mutaru lokacin da matarsa Faridatu ta rasu, kuma mutanen Zango, Allah ya shirye mu, in sun tashi yabo ba sa tsayawa duba abin da suke yabawa. Ba haƙuri ba ne. Mutumin dai ya daina jin komai ne, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Ya karɓi gaisuwa, ya ce amin inda ake cewa amin, ya ci abin da aka ajiye masa. Da aka yi sadakar arba'in aka raba kayanta, sai ya koma rumfarsa ta kafinta a Anloga, nan cikin Kumasi, ya ci gaba da haɗa ƙofofi da gadaje. Duk zamansu ba su haihu ba, don haka babu yaron da zai riƙa kaiwa gidan kakanni, babu kuma abin da zai sa ƙafarsa ta sake taka gidan surukai, in ban da abu guda.

Abin nan shi ne allon wasan ces, darar Turawa, na Baba Alhasan, mahaifin marigayiyar.

Baba Alhasan dogon tsoho ne mai gajeren haƙuri, wanda ya ƙare ƙarfinsa yana tura gadon marasa lafiya a babban asibitin Bantama. A can ya koyi ces wurin wani likita ɗan Kuba, ya kawo wasan zuwa Aboabo, unguwar da kowa ɗan dame ne. Dame ita ce darar nan da ake bugawa a kan benci da ihu da gori, wadda dokarta ita ce in ci ya zo maka dole ka ci. Baba ya raina dame, yana kiranta wasan 'yan tasha. 'Ya'yan ces kuwa ya raɗa musu sunan da ya ga dama: sarki, sarauniya, doki, liman, soro da sojoji, kuma duk wanda ya kira su da wani suna a barandarsa sai ya ji ba daɗi.

Yana da ƙa'ida guda da kowa ya sani. Duk wanda ya ci shi sau ɗaya, to ya sauke, kamar yadda ɗalibi ke sauke karatu. Sai a kira maƙwabta, a raba goro, a shafa fatiha, daga nan kuma Baba ba zai ƙara zama gaban allo da mutumin ba har abada. Yakan ce malamin da ya riƙe ɗalibin da ya fi shi ɓarawo ne. Masu tsegumi kuwa cewa suke yi dabara ce kawai don kada a ce wani ya taɓa cinsa sau biyu. Ni dai na san tsohon, kuma ina ganin kowanne ɓangare yana da gaskiya. Waɗanda suka sauke a tsawon shekarun nan ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Faridatu ce ta ƙulla wasan tsakanin mijinta da ubanta. A wajenmu suruki ba abokin hira ba ne. Za ka cire takalmi tun daga nesa, ka durƙusa, ka gaida shi kana kallon ƙasa, ka tashi ka ba shi wuri. Amma allo ba hira ba ne, ba a haɗa ido, ba a buƙatar magana, don haka kunya ba ta da abin cewa. Duk Asabar bayan la'asar sai su zo tare, ita ta shige ciki wajen uwarta Mma Humu, shi ya zauna a baranda Baba ya lallasa shi. Ta bayan labule yana jin dariyarta da ƙarar turmi, kuma shan kashi bai taɓa damunsa ba.

Bayan rasuwar bai fasa zuwa ba. Ba wanda ya ce ya zo, ba wanda ya ce kada ya zo. Ba su taɓa ambatar sunanta ba, shi da tsohon. Amma a duk faɗin Kumasi nan ne kaɗai wurin da zai zauna kusa da mutumin da ya rasa abin da shi ma ya rasa. Ga kuma muryar Mma Humu daga ciki, in ta ɗaga ta tana kiran wata jika, sak ta 'yarta. Mutaru ba ya jin daɗi a barandar nan, ba ya jin baƙin ciki, amma a nan kaɗai yake jin kamar wata rana zai iya jin wani abu. In aka raba shi da Asabar, to an gama raba shi da Faridatu, kuma wannan ya san shi sarai ko da bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Matsalar ita ce Mutaru ɗan dame ne tun yana yaro, kuma hali zanen dutse. Duk abin da aka ajiye masa sai ya ci. Baba zai turo soja shi kaɗai ba mai tsaronsa, Mutaru ya cafke, kafin ya ankara an ɗauke masa soro. Da can yakan yi tsaki, ya dafa kai, Baba ya ji daɗi. Yanzu kuwa sai ya ci, a cinye shi, ya sake jera 'ya'ya fuskarsa kamar ƙofar da ba a shafa wa fenti ba.

Wata Asabar ana yayyafi, Baba ya kashe masa sarki tun kafin shayin da Mma Humu ta aiko ya huce. Tsohon ya daɗe yana kallon allon.

“Mutaru.”

“Na'am, Baba.”

“Wasa da kai yanzu kaman in yi wasa da bango. Bango ma ya fi ka, shi ba shi cin soja na banza. Ni na tsufa, la'asar nawa ya rage mini? In haka za ka riƙa yi, bayan Babban Sallah kada ka zaka gidan nan kuraa, ko sau ɗaya. Ka je tasha ka buga dame.”

“To, Baba.”

Abin da ya ce ke nan, ya sa takalminsa ya fita. Sai da ya kai bakin babban kwalbati ya lura bai buɗe lemarsa ba.

Ranar Litinin ya bar rumfa a hannun abokin aikinsa ya hau torotoro, motar haya, zuwa Adum, wajen Shakiru mai sayar da waya. Shakiru yana cikin 'yan kaɗan ɗin nan da suka sauke, kuma har yanzu yana ba da labarin ranar kamar wanda ya je hajji a ƙafa. Mutaru ya miƙa masa wayar Faridatu, don tasa 'yar ƙarama ce mai maɓallai, ya gaya masa abin da tsohon ya ce.

“Cale, abokina, kai matsalanka ba ka gani ne,” in ji Shakiru, yana danne-danne. “Tsohon nan ba shi da wani asiri, tarko ne kawai. Ga wannan abu na sa maka. Zai nuna maka allo, wasa ya yi nisa, ya ce ka nemo motsi ɗaya da zai kashe. Ka samu, lambanka ya hau. Ka faɗi, ya sauka. Kada ka buga wasa da kowa, wannan kawai za ka yi, sumol-sumol, kaɗan-kaɗan, kullum. Amma ka yi hankali fa, kada ka wuce gona da iri ka sauke kaman ni. Ni yanzu ko ruwa ba na sha a gidan nan.”

Ya faɗi haka yana dariya, Mutaru kuma ya ce ya gode.

Farkon abin ba daɗin ji. Wayar ta nuna masa allo, ya ga liman a fili, ya ci, ta yi ja. Ta sake nuna wani, ya ci soja, ta yi ja. Lambar da aka ba shi ta riƙa gangarowa kamar ruwan indararo. Wani da ya yi fushi ya jefar, amma fushi yana buƙatar zuciya mai motsi, ta Mutaru kuwa a kwance take. Ya riƙa yi a torotoro, yana yi yana jiran manne ya kama katako, yana yi a gaban mai wake da shinkafa kafin layi ya zo kansa. Da ya koma gida bayan magariba, ɗakin nan da babu mai ce masa sannu da zuwa, sai ya zauna bakin gado da takalminsa a ƙafa ya ci gaba. Abin ya yi masa daidai, domin muddin yana lissafin inda doki zai dira, babu wurin wani tunani a kansa.

Abu na farko da ya koya shi ne zama a kan hannunsa. A zahiri nake nufi: sai ya tura hannun dama ƙarƙashin cinya, ya tambayi kansa me ya sa aka bar wannan a fili, tunda banza ba ta kai zomo kasuwa. Daga nan idonsa ya fara gane siffofi. Ya gane yadda doki ke dira wuri ɗaya ya kai wa sarki da sarauniya hari lokaci guda. Ya gane yadda ake kafe ɗa a gaban sarkinsa ya kasa motsi, abin da shi ya kira buga ƙusa. Ya gane yadda ake janye ɗa guda a buɗe wa na bayansa hanya. Bai yi murna ba ranar da wayar ta fara yin kore sau da yawa a jere. Ya dai lura, kamar yadda mutum ke lura an daina ruwa.

Asabar ɗin farko babu abin da ya canza. Ta biyu ma haka. Can wata rana Baba ya turo sojansa na tarko kamar kullum, Mutaru ya kalle shi, ya zauna a kan hannunsa, ya tura nasa sojan ta wani gefen. Baba ya ɗaga gira.

“Yau azumi kake?”

“A'a, Baba.”

“Yoo.”

An cinye shi ranar ma, amma sai da aka kira magariba. Babbar Sallah ta zo ta wuce, aka ci nama aka gama, Baba bai sake tayar da maganar tasha ba. Ya ma fara sa tabarau kafin wasa, abin da da can yake ganin Mutaru bai kai a yi masa ba. Mma Humu ta ƙara ƙosai a kan shayin. In da Mutaru mai wayo ne, da a nan ya tsaya, ya mayar da wayar cikin akwati. To amma da me zai cika sauran kwana shidan? Ya gwada bari, ya wuni yana kallon bangon rumfa har ya kusa yanke yatsa da zarto. Washegari ya koma.

Yau da gobe ba ta bar komai ba. Damina ta wuce, wata ta kama, lambar nan tana hawa, ta tsaya, ta ɗan zame, ta sake hawa. Wayar ta daina tambayarsa motsi ɗaya, ta koma uku da huɗu, irin waɗanda sai ka ba da abu mai tsada kafin ka samu abin da ya fi shi. Ya kai ga in ya kalli tayil ɗin masallaci sai ya ga inda doki zai dira. Kuma wata Asabar, ana tsakiyar wasa, ya ɗaga ido ya ga hanyar cin Baba Alhasan a shimfiɗe a gabansa, fili ƙarara, ko tantama babu.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago: ya koyi wasa don kada a kore shi, ga shi wasan zai kore shi da goro da fatiha. Ya kau da ido daga hanyar, ya nemo wani sojan tarko da Baba ya ajiye a gefe, ya ci. Baba ya ɗauke masa soro yana ƙyaƙyata dariya, yana cewa ɗan dame dai ɗan dame ne.

Daga ranar Mutaru ya shiga sabon karatu wanda babu wayar da ke koyar da shi, wato yadda ake faɗuwa ba a gane ba. Aiki ne mai wuya, ya fi cin wasa wuya. In ya faɗi da wuri, ya koma bango. In ya ja da nisa, hanyoyin ci sai su riƙa buɗewa ta ko'ina, don tsohon ya fara gajiya in wasa ya yi tsawo, yana mance liman a lungu. Sai Mutaru ya riƙa auna kuskurensa kamar yadda yake auna katako, ya yi shi daidai wurin da mai matsakaicin wasa zai yi. Yakan dawo gida a gajiye liƙis. Bai ji kunyar yaudarar ba, bai kuma ji daɗinta ba. Asabar dai tana nan, kuma ita ce buƙata.

Sai dai kifi na ganinka, mai jar koma. Mutumin da ya shekara yana kallon fuskokin marasa lafiya ya san bambancin mai ciwo da mai langaɓewa. Wata rana da Mutaru ya ci wani sojan, Baba bai yi dariya ba.

“Da can in ka ci soja na, kana ci da yunwa,” ya ce. “Yanzu kana ci kaman mai shan magani.”

Mutaru ya dubi ƙasa kamar yadda kunya ta halatta wa suruki, aka ci gaba da wasa.

Asabar ɗin da abin ya faru ba ta da wata alama. Ana zafi, an ɗauke wuta, Iddi mai shayi na ƙofar gida yana faɗa da wani direba a kan inda ya ajiye mota. Baba ne da baƙaƙen 'ya'ya. Ya buɗe wasa da zafi, ya kwashe 'ya'yansa duk ya tura gefen sarauniya yana farautar sojoji, ya bar sarkinsa a lungu bayan sojoji biyu, da soro guda can nesa a layin baya. Mutaru ya ba da abin da ya saba bayarwa. Amma garin kare kansa sarauniyarsa ta hau wani dogon layi da ya miƙe har gidan da ke jikin sarkin Baba, dokinsa kuma yana kusa. Ya san wannan siffar. Ya gan ta a waya har ba ya iya tuna sau nawa.

Ya kuma ga wata mafita da bai taɓa samu ba. In ya dira da doki ya kai wa sarki hari ya ce cek, sarki zai fito daga lungu. In ya janye dokin gefe ya sake cewa cek, dole sarki ya koma lungu. Sai ya dawo da doki, sarki ya fito, ya janye, sarki ya koma. In aka maimaita haka wasa ya tashi canjaras, ba wanda ya ci, ba wanda aka ci. Babu sauka a canjaras, babu kuma zancen bango. Mutaru ya ji kamar an nuna masa ɗakin da zai iya zama a ciki har ƙarshen rayuwarsa.

“Cek,” ya ce a hankali.

Sarki ya fito.

“Cek.”

Sarki ya koma lungu.

Ya dawo da dokin, sarki ya fito. Ya janye shi, sarki ya koma. Ya miƙa hannu zai sake, sai Baba ya ɗora tafinsa a gefen allon. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sunkuya ya daɗe yana duba. Mutaru ya ga lokacin da tsohon ya gani, don leɓensa na ƙasa ya ɗan saki.

“Dokin nan ya gaji,” in ji Baba. “Mutaru, zan tambaye ka abu ɗaya, kuma kana cikin gidana. Ka gani ko ba ka gani ba?”

A waje Iddi ya ci gaba da faɗansa. Daga ciki ana jin Mma Humu tana kankare tukunya. Mutaru ya iya faɗuwa da gangan, ya iya shiru, amma buɗe baki ya yi wa uban Faridatu ƙarya a barandarsa, wannan ba ya cikin abin da ya koya.

“Na gani, Baba.”

“Tun yaushe kake gani?”

“An ɗan jima.”

“Ba yau nake nufi ba.”

“An ɗan jima, Baba.”

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya janye hannunsa daga allon ya naɗe a ƙirji.

“To saka.”

“Baba, don Allah. Canjaras ma wasa ne.”

“Ni ba a ba ni sadaka a allo na. Saka.”

Mutaru ya ɗauki sarauniyarsa, ya tura ta dogon layin nan, ya ajiye ta jikin sarkin Baba, inda ba ta da abin yi sai mutuwa. Sarki ba shi da ikon cinta, don doki na tsaronta. Soro ne kaɗai zai iya, kuma babu wani motsi a allon sai shi. Baba ya yi wata 'yar dariya ta hanci, mutumin da ya yi shekaru yana zagin masu cin dole, ya jawo soronsa ya ci. Soron ya toshe wa sarki ƙofar da ta rage masa. Mutaru ya dira da doki. Wasa ya ƙare, sarkin yana lungu 'ya'yansa sun kewaye shi ba inda zai sa ƙafa.

“Kai,” in ji Baba a hankali. “Ya yi kyau paa.”

Sai ya dafa gwiwa ya miƙe, ya leƙa waje ya ƙwala kira. “Iddi! Bar faɗan nan ka zaka, ka kira mutane! Humu, kawo goro! Mutaru ya sauke!”

Nan da nan baranda ta cika, don Zango ba a rasa masu zuwa inda ake rabon goro. Iddi ya zo da direban da suke faɗa. 'Yan dame na bakin titi suka zo suna tafa wa Mutaru a kafaɗa, suna cewa ya rama musu. Wani ya buga wa Shakiru waya, ana jin ihunsa daga Adum. Baba ya sake jera wasan ya nuna musu yadda aka kashe shi, yana alfahari kamar shi ya ci, kuma gaskiya ita ce alfaharin nasa ba na ƙarya ba ne. Aka ɗaga hannu aka yi addu'a, Allah ya sa albarka, Allah ya ƙara basira. Mutaru ya shafa tare da kowa. Ya ce amin inda ake cewa amin.

Mma Humu ce kaɗai ba ta yi guɗa ba. Ta miƙa masa goronsa da hannu biyu, ta kalli mijinta, ta kalle shi.

“Alhaji,” ta ce, “wannan dai ai ɗa ne. Ba a yi masa sassauci?”

“Don ɗa ne shi ya sa,” in ji Baba, bai kalle ta ba. “Mutum da ƙarfinshi, da sana'anshi, ya zaka ya zauna gaban tsoho yana faɗuwa da gangan? Har yaushe? Ni na binne ɗiya ɗaya. Ya isa.”

Wannan ne karo na farko da ya kusanci zancen a gaban Mutaru, kuma daga nan ya juya ya shiga kwashe 'ya'yan ces yana zubawa a jakarsu.

Mako ya zagayo. Mutaru ya yi aikinsa, ya kai wa wata mata gado a Asawase, ya gyara ƙofar wani shago. Wayar na aljihunsa bai buɗe ta ba. Ranar Asabar ya yi sallar la'asar, ya fito daga masallaci, ƙafarsa ta bi hanyar da ta sani. Ya gaya wa kansa gaisuwa ce kawai, ai ba a hana mutum gaida surukinsa ba.

Baba Alhasan na baranda a kujerarsa, allon na jingine da bango a naɗe. Bencin da Mutaru ke zama an ɗora masa tabarmi da buta. Mutaru ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa.

“Barka da la'asar, Baba.”

“Barka kadai, Mutaru. Ya aiki?”

“Da godiya.”

“Ya kasuwa?”

“Alhamdu lillahi.”

“Ya gajiya?”

“Babu gajiya. Ya jiki, Baba?”

“Da sauƙi.”

“Mma fa?”

“Yana ciki, lafiya lau.”

Gaisuwa doguwa ce a wajenmu, amma tana da ƙarshe, kuma suka kai ƙarshenta. Mutaru ya ci gaba da durƙuso yana kallon siminti. A lokacin ne abin da ya daɗe a kwance a ƙirjinsa ya motsa, ya gane baƙin ciki ne, nasa, cikakke, ya iso a makare a wurin da ba shi da izinin zama ya ji shi. Tsohon na kallon titi, muƙamuƙinsa na motsi kamar mai tauna abin da ba ya haɗiyuwa. Ba wanda ya ɗauke tabarmin daga benci.

“To madalla,” in ji Baba Alhasan daga ƙarshe. “Mun gode da ziyara. A gaida mutanen gida.”

Mutaru ya miƙe, ya ja da baya har inda takalminsa yake.

“Za su ji,” ya ce.